Duwatsu a Kan Kabarin Mas'uda

Yelwa, watan Yuni, 1968

Zuwa ga Yaya Shu'aibu tela, Fagge, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hauwa da yara duka. Ni ce Dudu ɗiyar Mairo ta Birnin Yauri, wadda kakarta da kakanka suke ciki ɗaya. Rabonmu da juna tun rasuwar Kawu Sallau, ina jin ko a hanya muka gamu sai an nuna maka ni. Ni dai ina nan, ban da ƙafar hagu da take kumbura in na daɗe tsaye. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Shekara goma sha biyar ke nan ina gidan Musa Tayyar, Bayahuden nan ɗan Tarabulus mai sayen fata da ƙirgi a bakin kasuwa. Da goyon ɗiyata Altine na shiga gidan, bayan rasuwar ubanta. Matar gidan, Mas'uda, ta haihu ba ruwan nono, aka ba ni ɗiyar, sunanta Rina. Ita da Altine nono ɗaya suka sha, tabarma ɗaya suka kwana. Labarin Altine ka ji shi. Shekara uku ke nan jirgi ya kife da su a hanyar gungu, tsibirin nan na tsakiyar kogi, har yau Kwara ba ta maido mini ko ɗankwalinta ba.

To, Mas'uda ma ta rasu da sanyin bana, ciwon ƙirji. Kafin ta cika ta kama hannuna ta ce in riƙe mata Rina yadda ita ta riƙe ta. Ta san ni Musulma ce, ita ce ma take aje mini ruwan zafi na alwala in ana sanyi. Abin da take nufi shi ne kada gidan ya canza. Kuma bai canza ba. Tukunyar nama daban, ta nono daban, har cokulansu ba sa haɗuwa. Kifi sai mai ɓawo, karfasa ko giwan ruwa, tarwaɗa ba ta ƙetare ƙofar. Ranar Juma'a kafin rana ta faɗi in goge mazaunin kyandir guda biyu, in shimfiɗa farin ƙyalle, Rina ta kunna ta rufe fuska da hannu. Ranar Asabar ba sa taɓa wuta, ni nake hurawa. Duk abin da ake yi da hannu na iya shi, Yaya. Abin da ake faɗa da baki da dalilin yinsa ne ban sani ba, kuma ba macen da zan tambaya. Danginsu na Tarabulus sun watse bara, takardun da maigida yake aikawa dawowa suke yi.

Da uwarta tana da rai Rina ba ta jin magana. Zane take ɗaurawa, ta je bakin ruwa da ƙawayenta su gasa tarwaɗa, ta dawo tana goge baki a ƙofa, uwar ta sansana hannunta su yi ta faɗa. Ranar da Mas'uda za ta rasu Juma'a ce, ana sa lallen wata ƙawar Rina. Uwar ta ce ta tsaya ta kunna kyandir tunda ita ba ta iya tashi. Rina ta ce kyandir ba gudu zai yi ba, ta fita. Ta dawo da jan lalle a hannu ta tarar an rufe madubi da zane, yadda suke yi in an yi mutuwa. Tun ran nan ta zama wata. Ba bakin ruwa, ba ƙawaye. Ita ce yanzu take bin tukwanena da ido, ranar nan har ta sa na binne cokalin nama a ƙasa saboda ya taɓa madara.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Da yake ba a sa ta a makabartarmu, a gonar albasar maigida aka binne Mas'uda, kan wani tudu kudu da gari ta hanyar Ngaski, a gindin giginya. Ya zuba siminti a kai ya zana rubutunsu da ƙusa. Masu awon madatsar Kainji sun shafa jan fenti a jikin giginyar, sama da kan mutum, wai nan ruwa zai tsaya. Gungawan ƙauyen da ke kusa an riga an kwashe su zuwa sababbin gidaje, sun kware rufin ɗakunansu sun tafi da shi, bango kawai ya rage. Ni nake zuwa duk safiyar Juma'a in share wurin. Na san mata ba sa zuwa kabari, amma ni ba ni da inda zan share wa Altine.

Wata biyu ke nan ina tarar da duwatsu a kan simintin. Ba tsakuwar da akuya ta watso ba ce. Duwatsun bakin ruwa ne masu santsi kamar ƙwan zabo, an jera su ta wajen kai, duk mako sai sun ƙaru. Ba kowa a wurin, Yaya, ko kare babu. Nakan tsaya ina kallonsu, in share gefe in bar su.

Ban faɗa wa maigida ba. Yanzu sai an yi masa magana sau biyu yake ji, kuma yana da abokan hamayya a cinikin fata, ina tsoron ya ɗora wa wani. Rina kuwa uban ya hana ta zuwa can tun ranar binnewa da ta faɗi a sume, ba zan ƙara mata tsoro ba. An ce mini akwai mutanensu a Kano kuma kana yi musu ɗinki. Don Allah ka tambaya mini. Mene ne wannan, kuma wa ake nufi da shi?

Ka gai da Hauwa.

Taka,
Dudu

Fagge, Kano, watan Yuli, 1968

Zuwa ga taubashiyata Dudu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, sai da na ari tabaran maƙwabcina na ɗora kan nawa kafin na gane inda layi ya nufa. Wa ya ce miki zan manta ki? Ke ce kika ture ni cikin laka a bikin Gwaggo Halimatu, har yau ban huce ba. Muna lafiya. Hauwa tana fama da haƙori, keken ɗinki yana fama da ni. Allah ya jiƙan Altine, ya ba ki haƙurin matar gidanki. Ƙafar nan ki riƙa ɗora ta kan turmi in kin zauna.

Batun yarinya kada ya dame ki, shekarun ne. Aminatu tawa ta kai goma sha huɗu, rabon da ta yi mini magana mai daɗi tun azumi, da madubi kaɗai take shiri. Ki bar taki da tukwanenta, za ta gaji.

Batun duwatsu kuwa ba na wasa ba ne. Kin ce in tambayi mutanensu. Akwai tsohuwa guda da nake yi wa riguna, amma me ta sani game da aikin da ake yi a bakin Kwara? Wannan abin ƙasarmu ne, kuma ba na so magana ta zaga ta koma kunnen maigidanki. Malamin da yake zama ƙofar shagona na kai wa. Ban rufe baki ba ya ce asiri ne. Ya ce dutse a wajen kan mamaci danniya ce, ana danne wanda ya tafi don a sami hanyar wanda ya bari. In ba maigidan ake nema ba, to ɗiyar ce.

Ga abin da ya ce ki yi. Ki kwashe su da hannun hagu, ki yi bisimilla ki watsa cikin ruwa mai gudu, ki tafi kada ki waiwaya. In sun dawo ki sake, mai yi zai riga ki gajiya. Duk abin da kika tarar tare da su, ko zare ko gashi, shi ma a ba ruwa. Kada ki faɗa wa kowa a gidan. Su ba su san waɗannan abubuwa ba, dariya za su yi miki ko su hana ki.

Nan ana ta maganar lantarkin da madatsarku za ta kawo. Ki ce su yi sauri, idona ya gaji da neman kafar allura a gaban fitilar ƙwai.

Ɗan'uwanki,
Shu'aibu

Yelwa, ƙarshen watan Agusta, 1968

Yaya Shu'aibu, sallama da gaisuwa. Ina fata haƙorin Hauwa ya yi sauƙi. Ƙafata da dama, turmin ya yi amfani. Barci ne babu.

Na yi yadda ka ce. Juma'ar farko na kwashe su cikin tsohuwar ƙwarya na sauka bakin ruwa, abin da rabona da yi tun Altine. Na watsa ban waiwaya ba. Mako ya zagayo na tarar da wani. Na jefa. Na gaba suka zo manya, irin waɗanda iska ba ta motsawa. Wata Juma'a aka kafa dutsen da laka, aka shafe gindinsa kamar yadda ake liƙe bakin rumbu, sai da na sa wuƙa na ɓamɓare. Wancan makon kuma, Yaya, na ɗaga dutsen na tarar da ɗan kunnen Rina a ƙarƙashi, na zinariya wanda uwar ta sa mata tun tana jaririya. Malaminka ya yi gaskiya, ita ake nema. Kuma mai yi yana da hannu har cikin ɗakinmu. Na sallami mai kawo mana ruwa, don bayan shi ba mai shigowa. Ɗan kunnen na haɗa da dutsen na ba ruwa, ina kuka.

Abin yana kama ta. Ta daina cin abinci, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. In na kai mata tuwo da miyar karfasa sai ta ce ta ƙoshi. Uban ya tafi Legas neman labarin danginsa, ya bar ta a hannuna.

Juma'ar da ta wuce, bayan ta kunna kyandir ba ta sauke hannu daga fuska ba har ya ci rabi. Na kira ta. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Inna, in ka kai wa mutum abu ya ƙi karɓa, ka sake kaiwa ya ƙi, sai yaushe ake dainawa?"

Na ce wa ya ƙi karɓar abinki, ɗiyata? Ta ce, "Ba ta karɓa. Ko ɗaya ba ta bari."

Ranar kasuwa in na dawo sai in ga laka a ƙafarta har idon sawu, baƙar laka ta bakin ruwa. Na tambaya ta ce ba inda ta je. Ina tsoron ko ita ma ba ta san ta je ba. Ka san abin da ake faɗa, wai mutanen ruwa in sun ɗauki ɗaya sukan dawo neman wadda suka sha nono tare. Da rana ban yarda da wannan ba.

An toshe madatsar. Ruwa yana tahowa, kuma ba irin cikar da muka sani ba ce. Ba ya gudu, ba ya ƙara, ba ya kawo itace. Ka kafa kara a bakinsa da safe, la'asar ka ga karan a ciki. Tsofaffi suna zama a tudu suna kallon Kwara tana komawa da baya. Macizai da ɓeraye suna hawowa gari tare, ba mai cin wani. Bangayen ƙauyen Gungawa suna zaunawa ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin faɗuwarsu. Ruwa ya fara cin gonar albasa. Malaminka ya ce ruwa mai gudu, to yanzu ba mai gudu a ƙasar nan, ban sani ba ko shi ya sa aikin bai ci ba.

Ka taimake ni. Na rasa ɗaya a ruwan nan, ba zan iya tsayawa a bakinsa karo na biyu ba.

Dudu

Fagge, watan Satumba, 1968

Dudu, sallama. Muna lafiya. Ki aje abin da ke hannunki ki karanta wannan.

Ranar da takardarki ta zo na ba Lawali direban motar albasa saƙon baki, cewa ki riƙa kulle yarinyar a ɗaki in za ki fita, don na ɗauka ruwa ke kiranta. In saƙon ya iso, ki manta da shi. Ki buɗe ƙofar. Kada ki sake taɓa dutse ko ɗaya.

Jiya tsohuwar nan da nake yi wa ɗinki, Zula, ita ma 'yar Tarabulus, ta zo gwajin riga. Ina da allura a baki, don in ɗebe mata kewa na ɗauko labarin, ban ambaci suna ba. Da na kai kan duwatsu ta ce in cire allurar in maimaita. Na maimaita har da ɗan kunnen. Ta zauna kan bandir ɗin yadi da rigar rabi a jiki. Ta ce su a wurinsu duk wanda ya ziyarci kabari yakan ɗora ɗan dutse ya tafi, alamar ya zo, ba a manta da mai wurin ba. Ba a kwashewa, taruwa suke yi shekara da shekaru. Kowane yaro nasu ya ji wannan a bakin uwarsa ko bai taɓa ganin makabarta ba. Sai ta tambaye ni mutum nawa ne a garin suka san al'adar. Na ce uban da ɗiyar. Ta ce ai ni da bakina na ce uban yana Legas.

"Kai tela," in ji ta, "yarinya tana kai wa uwarta gaisuwa, kuna kwashewa kuna zubarwa. Me kake so ta ɗauka?"

Ta zage ni da Larabci, ta zage ni da Hausa, na tsaya na karɓa. Ke kin ce in tambaye su tun farko, ni na ga na fi kowa sani.

Ki zaunar da Rina ki faɗa mata hannun mutum ne yake kwashewa, ba uwarta ce take ƙi ba. Ki ce ni na sa ki. Zula ta ce in uban ya yarda a kawo mata yarinyar, tana da jikoki mata sa'o'inta, ba a barin budurwa ita kaɗai da makoki.

An ce ruwan sama ya karya gada a hanyar Kontagora, motoci sun tsaya. Na sa wannan a gidan waya, Allah ya sa ta iso da wuri.

Shu'aibu

Yelwa, watan Nuwamba, 1968

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaishe ka da Hauwa da Aminatu. Na yi zazzaɓi na tashi, shi ya sa ka ji ni shiru. Rina tana da rai. Na fara da wannan don na san shi kake nema.

Saƙon Lawali ya iso da wuri, takardarka kuwa sai bayan an gyara gada, komai ya riga ya faru. Na kulle ta. In zan fita in juya mabuɗi in ɗaure a bakin zane. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Zama kawai take yi tana tambayata ina ruwa ya kai. Duwatsu suka daina zuwa, na ce alhamdu lillahi, aiki ya ci. Daga baya ruwa ya yanke hanyar tudun, ni ma na daina zuwa.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ina sayen gishiri, wata mai kifi ta ce mini ta ga farar ɗiyata tana bin hanyar Ngaski ba takalmi. Ashe ta taga ta fita. Na bar ƙwaryata a nan na bi ta da ƙafar nan tawa.

Hanyar ta ƙare a ruwa. Ba gona, ba ƙauye, ba tudu, sai giginya tsaye a ciki, jan fentin yana can sama. A gindinta na hango kai da kafaɗu. Na kira, ba ta juyo ba. Yaya, tun ranar Altine ƙafata ba ta taɓa ruwan Kwara ba. Na shiga. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, a kwarin da ake albasa ya kai mini wuya, ƙafata tana nutsewa cikin fangali. Ban san abin da bakina yake karantawa ba. Sai ƙasa ta fara hawa.

Na same ta durƙushe kan simintin, ruwa a ƙirjinta, leɓɓanta sun yi fari. Hannuwanta biyu suna ƙasa cikin ruwa. Na kama kafaɗarta in ɗaga, ta ƙi. Na laluba in ji me ya riƙe ta, sai na ji dutse a ƙarƙashin tafinta, tana danne shi da duk ƙarfinta ta wajen kai. Ta ce ba za ta ɗaga hannu ba sai uwarta ta karɓa. Ta ce ta san dalili, don ta tafi wurin lalle ne, amma ta kawo har ɗan kunnenta, me kuma ake so ta kawo.

A nan na gane, hannuna a kan nata. Na ga ƙwaryar nan, na ga wuƙar da na ɓamɓare laka da ita.

Na ce, "Rina, ni ce. Uwarki ba ta mayar da ko ɗaya ba. Ni nake kwashewa duk Juma'a in zuba a ruwa."

Sannan ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun tana shan nonona. Ta ce har ɗan kunnen? Na ce har shi. Ta ce don me? Na ce na ɗauka maƙiyi ne yake nemanta. Ban kawo sunanka ba, Yaya, hannuna ne ya yi.

Ta ɗaga hannu ɗaya, ta jira. Ta ɗaga ɗayan. Muka tsaya muna duba cikin ruwan, dutsen yana nan inda ta aje shi. Sannan ta miƙe. Ba ta yarda na riƙe ta ba sai a kwarin, inda ƙarfinta ya ƙare, nan ta kama wuyana na goya ta. Muna taka busasshiyar ƙasa ta sauka ta yi gaba.

Dukanmu mun kwanta zazzaɓi, ta riga ni tashi. Ina kwance na ji ƙarar murfin tukunya, na leƙa na gan ta tsaye a ɗakin girki tana cin ɗumamen tuwo ba miya. Ban yi motsi ba don kada ta daina. Tun ran nan tana ci. Amma in ni na miƙa mata ba ta karɓa, sai na aje na fita. Kuma ba ta sake ce mini Inna ba. In ya zama dole ta kira ni sai ta ce Dudu, yadda uban yake faɗa.

Maigida ya dawo na faɗa masa duka. Na zaci zai kore ni. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce duk shekarun nan ina cikinsu, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini dalilin komai. Na nuna masa takardarka, ya yarda da maganar tsohuwa Zula. Zai kai Rina ya dawo ya sayar da kantin. Ya ce in zauna a gidan kafin nan.

Jiya suka tashi a motar Lawali. Ni na ɗaure mata kaya, mazaunin kyandir na naɗe cikin farin ƙyallen. Na soya karfasa na ba uban ya riƙe, don in daga hannunsa ne za ta ci. Ta hau gaba ba ta dube ni ba. An tada mota sai ta ce direba ya dakata. Ta leƙo ta taga ta ce ta ji masu awo suna cewa ruwan zai riƙa ja da baya in bazara ta yi, wataƙila tudun ya fito.

"In ya fito, ki je ki duba ko yana nan," in ji ta. "Kada ki share."

Na ce to. Motar ta tafi.

Ruwa ya kai jan fentin yanzu. Gidan shiru. Yau Juma'a ce, la'asar ta yi na sami kaina tsaye gaban tebur da tsumma a hannu, ba abin gogewa.

Za su riga wannan takarda isa Kano. Don Allah ka je gidan Zula, ko da sunan gwajin riga ne. Ba sai ka yi wa Rina magana ba, ka duba mini kawai ko tana ci. Ka gaya wa tsohuwar ba ta son yaji da yawa, kuma in ta ce ta ƙoshi a aje mata a fita. Kada ka ce ni na aiko ka.

Taka,
Dudu